Kariya, Wato Adenium obesum: Yadda Za Ka Gane Ta da Sunanta, Ka Saya, Ka Rena Ba Ta Ruɓe Ba

Tun cikin bazarar bana, da kariyar ƙofar zaurenmu a nan Marwa, arewacin Kamaru, ta cika da fure ba ganye ko ɗaya a jikinta, tambaya ba ta yanke mini ba. Wani daga Garwa ya ce sau uku yana saya, duk ukun suka ruɓe a hannunsa. Wata baiwar Allah daga Kuseri ta ce an sayar mata da wani abu da sunan "rose du désert", wato sunan kariya da Faransanci, ya yi tsawo har ya leƙa katanga, gindinsa kuwa siriri kamar kara. Wani kuma tambayarsa ɗaya tak: mene ne Adenium obesum ɗin nan da ake rubutawa a jikin leda, kuma me zai yi da shi? Da na duba sai na ga amsar tambayar ƙarshe ita ce ke warware sauran biyun, shi ya sa zan fara da ita.

1. Raba sunan gida biyu

Sunan Latin na kowace shuka kalma biyu ne, kamar sunan gida da sunan yanka, sai dai a nan na gida ne ke zuwa farko. Adenium shi ne sunan gidan, kuma daga Adan aka samo shi, birnin nan na bakin teku a ƙasar Yaman, wurin zafi da duwatsu da ƙarancin ruwan sama. Obesum kuma yana nufin mai ƙiba, mai teɓa. In ka haɗa su ka sami mai teɓar Adan.

Teɓar ita ce gindin nan da ya kumbura kamar tulu. Randarta ce, a ciki take ajiye ruwan da za ta ci rani da shi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya fito: shukar da ke zaune a kan randarta, ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba, tausayin mai gida ne ke kashe ta.

Ko da yake sunan ya ambaci Adan, ita ba baƙuwarmu ba ce. Tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Wanda ya bi ta duwatsun Mandara da rani zai iya hango jan furenta a tsakanin duwatsu. Mu kariya muke ce mata. Wasu dattawa da ƙ suke furtawa, suna danganta ta da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Zan dawo kan wannan a mataki na 8, don akwai gaskiya a ciki, akwai kuma gyara.

Wani lokaci za ka ga an ƙara (Forssk.) Roem. & Schult. a bayan sunan. Kada ya ruɗa ka, sa hannun masana ne kawai. Forsskål ne ya tsince ta a Yaman, aka buga bayaninta a 1775 da sunan Nerium obesum, sannan Roemer da Schultes suka ware mata gidanta a 1819. In kuma ka ci karo da Adenium honghel a tsohon littafin Faransanci, ita ce dai kariyarmu, tsohon suna ne.

2. Rubuta shi daidai, ka san inda zai yi maka amfani

Kalmar farko da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙarami: Adenium obesum. In da hannu kake rubutawa, ka ja layi a ƙarƙashinsa. Bayan ka ambace shi sau ɗaya kana iya gajartawa, A. obesum. Wajen furtawa ka ce "Adeniyum obesum", kowa zai gane.

In ka ga Adenium sp., mai rubutun ya san gidan amma bai san wace ce a cikin 'yan gidan ba. In ka ga alamar × an haɗa jinsi biyu ne. In ka ga wani suna na uku a tsakanin waƙafai biyu na sama, wannan launi ne da masu lambu suka zaɓo suka raɗa masa suna, yawanci daga Tailan ko Taiwan. In kalma ta biyu ta canza, misali arabicum ko socotranum ko somalense ko multiflorum, 'yar'uwarta ce, ba ita ba. Na farko ta ƙasar Larabawa, na biyu ta tsibirin Sokotara, na uku ta Somaliya, na huɗu kuma ma'anarsa mai yawan fure.

Amfanin sunan kuwa, na farko a waya ne. Rubuta "kariya" a Google ka ga abin da zai fito maka: kariya daga cuta, kariya daga ɓarayi. Rubuta Adenium obesum, ita za ta fito. In kana shakkar wata shuka, ɗauki hoton ganye da fure daban-daban ka sa a manhajar PlantNet, kyauta ce, sai ka gwada sunan da ta ba ka da wanda ke jikin leda. Na biyu a kan iyaka: takardar lafiyar tsirrai da ake nema in za a ƙetare da shuka zuwa wata ƙasa, sunan Latin ake rubutawa a cikinta. Na uku, wanda nake roƙon Allah kada ya kai ka gare shi, asibiti. In yaro ya tauna ganyenta, likitan da ya yi karatu da Faransanci mai yiwuwa bai taɓa jin kalmar kariya ba. Miƙa masa sunan a rubuce tare da reshe ɗaya a leda.

Don haka ka yi mata alama tun ranar farko. Yanko ɓallin farar jarka, ka rubuta sunan da ranar dasawa da fensir, ka soke a gefen tukunya. Fensir na ce, don tawada ba ta wata biyu a ranar Marwa.

3. A wurin mai sayar da furanni

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane, kuma ba kullum da mugunta ba. Sau da yawa shi kansa mai sayarwar sunan da ya ji yake maimaitawa. Abu uku ake yawan ɗauka a madadinta. Akwai Nerium oleander, wanda suke kira "laurier-rose": ganyensa dogo siriri kamar wuƙa, uku-uku yake fitowa a gaɓa, rassa da yawa daga ƙasa, ba teɓa. Ina kyautata zaton shi aka sayar wa 'yar'uwarmu ta Kuseri. Akwai Plumeria, "frangipanier", mai kaurin reshe da manyan ganye da fure mai ƙamshi, shi bishiya yake zama. Akwai kuma Jatropha podagrica, wanda ya fi ruɗa mutane don shi ma yana da teɓa, amma ganyensa faffaɗa ne mai kusurwoyi, furensa ƙanana ja-ja a cunkushe kan dogon sili. Dangin bini-da-zugu ne.

Kariya kuwa ganyenta a ƙarshen reshe yake taruwa, mai sheƙi, ya fi faɗi wajen kai kamar cokali. Furenta kamar bakin kakaki, kunnuwa biyar, gefe ja ko ruwan hoda, maƙogwaro ya fi haske. Fatar jikinta sumul, toka-toka.

In ka tabbatar ita ce, sa yatsa biyu ka matsa gindin. Ya zama da tauri kamar ɗanyen dankali. In ya loɓa ko kaɗan, ajiye, ko da kyauta aka ba ka. Ɗaga ledar ka sansana ƙasanta, in da warin ruɓa ka wuce. Sannan ka tambaya: "Malam, wannan daga iri ta fito ko reshe aka kafa?" Zai iya ce maka, "Alhaji, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Ta iri tun tana 'yar taƙi ɗaya take da teɓa. Ta reshe miƙe take kamar sanda, sai bayan shekaru saiwarta ke kauri a ƙarƙashin ƙasa. In fure kawai kake so ta reshe ta ishe ka, ta fi arha ma. In tulun nan kake so, ta iri za ka nema. Mai aure kuwa, wato wadda aka ɗora reshen wata a kanta, za ka ga tabon haɗin a jikin reshe, ita ce mai fure ninki-ninki, kuma ita ta fi tsada.

Kuɗi ya danganta da gari da iya ciniki. Ni dai bara na sayi 'yar ƙarama ta iri a leda sefa 1000, wata mai aure kuma aka yi mini kuɗinta sefa 8000, na yi godiya na wuce.

Gargaɗi: kada ka sayi ƙatuwar da aka tono daga dutse. Za ka gane ta da guntulallen saiwa da tabon gatari. Itace ne da ya yi shekaru da dama yana kafa kansa a tsagar dutse, yawancinsu ba sa rayuwa a tukunya, kuma duk wanda ya saya ya aiki mai tonon ya koma ya tono wata.

Gargaɗi na biyu: irin da ake tallarsa a intanet da hoton kariya mai shuɗin fure ko mai launin bakan gizo, hoton ne aka rina. Kariya ba ta shuɗin fure. Na taɓa tura kuɗi don irin wannan, abin da ya tsiro, guda biyu cikin ashirin, ruwan hoda ya yi kamar ta ƙofar gidanmu.

4. Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa ta fi komai, mai faɗin baki marar zurfi, kamar kasko. Tana numfashi, ruwa na saurin bushewa a cikinta, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙar roba, wadda a watan Afrilu takan dafa saiwa. In kana da maginin tukwane kusa, sa shi ya huda gindin kafin ya gasa, huji huɗu ko biyar masu faɗin yatsa. In ka sayi gasasshiya, jiƙa ta ka huda da ƙusa a hankali. Tsohon bokitin fenti ma yana yi in an huda shi sosai. Girman tukunyar ya ɗara teɓar da kamar yatsa uku ta kowane gefe. Ƙatuwar tukunya ga ƙaramar shuka tafki ce.

Ƙasa kuwa, abin da masakwa, dawar nan ta rani, ke so shi kariya ta tsana. Baƙar lakar karal da ke riƙe ruwa wata da watanni, kada ko cokali ɗaya ya shiga. Abin da nake haɗawa: mudu biyu na yashin mayo, wato rafi, mai tsakuwa-tsakuwa, mudu ɗaya na ɓurɓushin gawayi ko fasasshen jan bulo kamar girman wake, mudu ɗaya na takin shanu ko na awaki da ya kwana damina ya koma baƙar ƙasa. Yashin ka tankaɗe shi ka zubar da laushin, tsakin ake so. Yashi kyauta ne ga mai kusa da mayo, ɓurɓushin gawayi kuma mai gawayi neman mai kwashe masa yake. Tukunyar ce kaɗai za ta ci kuɗinka, tawa sefa 1500 na biya.

Kafin ka dasa komai ka gwada: cika tukunyar da haɗin, zuba kofi biyu na ruwa. In ka ƙirga ashirin bai fara fita ta ƙasa ba, ƙara yashi da gawayi.

Gargaɗi: ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

5. Dasawa

Lokacin da ya fi shi ne bayan hunturu ya ɗaga, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da take farkawa. Kada ka dasa a tsakiyar Agusta ko cikin sanyin Janairu, ciwon saiwa ba ya saurin warkewa a lokutan nan.

Yaga ledar, karkaɗe tsohuwar ƙasar gaba ɗaya, don masu sayarwa sukan cika leda da laka saboda ta rage musu ban-ruwa. Duba saiwoyin. Duk wadda ta yi baƙi ko ta yi laushi ka yanke da sabuwar reza, ka barbaɗa toka ko garin gawayi a wurin. Ajiye ta a inuwa haka tsirara kwana biyu ko uku. Kada ka ji tsoro, ba abin da zai same ta. Sannan ka dasa a busasshen haɗin, teɓar a waje, saiwa kaɗai a ƙasa. Ɗora tukunyar kan bulo biyu don hujin ya sami iska.

Daga nan sai haƙuri: ba ruwa har kwana biyar zuwa bakwai. Wannan ne matakin da mutane suka fi karyawa, don mun saba duk abin da aka dasa a take ake ba shi ruwa. Ta yi mako ɗaya a inuwa mai haske, sannan ka riƙa matsar da ita rana kaɗan-kaɗan. Wurin zamanta na dindindin ya zama tana samun rana aƙalla awa shida. Kariyar da ke ƙarƙashin darbejiya ganye za ta yi ta yi, rassa su yi tsawo su lanƙwashe, fure kuwa sai dai ka gani a maƙwabta.

Gargaɗi, kuma ya shafi duk inda reza ta shigo: ruwan jikin kariya dafi ne da ke taɓa zuciya. Dangin tumfafiya da kwankwani ce, kuma mafarauta a wurare da yawa na Afirka sun yi dafin kibiya da ita. Sa safar hannu ta roba ko ka ɗaura leda, kada ka taɓa ido, ka wanke hannu da sabulu. Rezar ba ta komawa ɗaki, wuƙar ba ta komawa madafi. Rassan da ka yanke ka binne su, kada a zuba wa awaki, kada a sa a murhu, kada wani ya yi asuwaki ko tsinken nama da su. In wani ya ce maka ana shan jiƙonta don wata cuta, kada ka gwada. Wanda ya haɗiya, ko ya fara amai da jiri, a tafi asibiti a take, ba a jiran gari ya waye. Gidan da ke da yara masu rarrafe a ɗora tukunyar inda hannu ba ya kai.

6. Ruwa

Kariyata ta farko ba rana ce ta kashe ta ba. Na ajiye ta kusa da inda ake alwala, kowa ya idar sai ya juye mata sauran ruwan buta, neman lada. Sau biyar a yini, mutum shida a gida. Da na ce a daina, Goggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, itace ma a hana shi ruwa? Ka ji tsoron Allah." Kafin wata biyu gindin ya zama kamar ruɓaɓɓen kabewa. Saboda haka doka ta farko: nesa da wurin alwala da wurin wanke-wanke, kuma mutum ɗaya ne ke ba ta ruwa a gidan.

Doka ta biyu: ƙasa ake tambaya, ba kalanda ba. Soka tsinke har gindin tukunya ka zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, bari. In ya fito a bushe, zuba ruwa sosai har ya fita ta huji, sannan ka manta da ita sai ta sake bushewa. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum shi ne mafi muni, sama a jiƙe, ƙasa ba ta samu ba.

Ga yadda abin yake zuwa mini a Marwa. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, ƙaramar tukunyar ƙasa takan bushe cikin kwana biyu ko uku, kuma a lokacin ne kariya ke shan ruwa da gaske, da sassafe ko bayan la'asar. Da damina ba na ba ta ko ɗigo. Ruwan Yuni da Yuli tana jin daɗinsa in ƙasarta na zubar da ruwa, amma in Agusta ya kama ana kwana uku ana yi, na janye ta ƙarƙashin rumfa, inda haske ke shiga ruwa ba ya dukan ta. Ka lura da indararo, kada ta zauna inda yake zuba. Da kaka na riƙa ragewa. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, sau ɗaya cikin kwana goma ko mako biyu ya isa, da hantsi, ba da dare ba.

Mutanen Garwa damina ta fi tamu tsawo, sai su ƙara gawayi a haɗinsu. Na Ngaundere kuwa, inda ake kusan wata bakwai ana ruwa ga sanyin tudu, kariyarsu ta zauna a baranda mai rana, kada ma su yi tunanin dasa ta a ƙasa sai a kan tudun tsakuwa. Kuseri da Njamena lissafinsu kusan namu ne.

Da hunturu za ka ga ganyen ya yi rawaya ya zube, ta tsaya tsirara. Barci take yi. A nan ne mutane ke cewa ta fara mutuwa su bi ta da bokiti, su ƙarasa ta. Bar ta. Zafi na dawowa za ka ga ƙullin fure a kan rassan da ba ganye.

In teɓar ta yi tamoji, duba ƙasa kafin ka yanke hukunci. Ƙasa a bushe, gindi ya motse amma ba ya loɓawa kamar ruɓa: ƙishirwa ce, ba ta ruwa, cikin 'yan kwanaki za ta cika. Ƙasa a jiƙe, gindi ya yi laushi: wuce mataki na 7 yau ɗin nan.

Takin zamani ba dole ba ne. In za ka sa, rabin cokalin shayi na NPK a lita biyar na ruwa, sau ɗaya a wata, daga Afrilu zuwa Satumba, kuma a kan ƙasa mai ɗan danshi. Yuriya kada ka kusanta mata, ganye zai sa ta yi ta hana fure.

7. In ta fara ruɓewa

Ciro ta daga tukunya, wanke saiwar. Gasa bakin wuƙa a wuta ka bari ya huce. Yanke duk inda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ka ci gaba da fiƙewa har ka iske farin nama tas, ba ɗigon baƙi ko ɗaya. Bayan kowane yanka ka sake gasa wuƙar, in ba haka ba da hannunka kake kai cutar gaba. Kada ka ji tausayin teɓar, ko rabinta ya tafi tana iya tashi. Barbaɗa toka, rataye ta a inuwa mai iska kwana bakwai zuwa goma har ciwon ya bushe ya yi ɓawo. Zubar da tsohuwar ƙasar, wanke tukunyar ka shanya a rana, dasa a sabon haɗi, ka sake jira mako guda kafin ruwa. In ruɓar ta cinye gindin duka, yanko rassan da ke da lafiya ka kafa su.

8. Yadda za ka ƙara yawanta

Da reshe ya fi sauƙi. Yanko mai kaurin yatsa, tsawon santimita 15 zuwa 20, cire ganyen ƙasa, ajiye a inuwa kwana huɗu ko biyar bakin ya bushe, soke a yashi mai ɗan danshi. Cikin mako uku zuwa shida yakan yi saiwa. Kada ka riƙa zarowa kana dubawa.

Yanzu batun fure ba 'ya'ya. Kariya tana 'ya'ya. Abin da ke faruwa, sau da yawa ba ta ɗaukar barbara daga kanta, sai daga wata daban. To a unguwa guda za ka tarar duk kariyoyin reshen uwa ɗaya ne, Hajiya ta ba maƙwabciya, maƙwabciya ta ba ƙanwarta. A ido goma ne, a jini ɗaya ce. In kana son iri, ka ajiye biyu ko uku da suka fito daga iri daban-daban kusa da juna.

'Ya'yan biyu-biyu suke fitowa kamar ƙahon sa, sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su nuna. Da ka ga sun fara ƙosawa, naɗe su da zare sako-sako. In ba ka yi ba, ranar da suka tsage iska za ta kwashe komai, don kowace ƙwaya tana da gashi a kai biyu, irin na tumfafiya. Cire gashin, ƙwayar kamar guntun tsinke take, santimita ɗaya ko fiye kaɗan. Shuka ta da wuri, ba ta jure ajiya, wannan ma na cikin abin da ke sa irin da aka yi oda daga nesa ya ƙi fita. Jiƙa awa biyu ko uku, kwantar da ita a kwance kan haɗin nan namu, rufe da yashi kaɗan yadda da ƙyar ta ɓuya. A nan kaɗai aka yarda ƙasa ta zauna da danshi kullum. Da zafi cikin mako ɗaya za ka ga sun fito, kowanne da 'yar teɓarsa kamar ƙwayar gyaɗa. Inuwa mai haske suke so, ka kuma tsare su daga kaji. In sun yi ganye shida ka raba su. Fure sai bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma kada ka sa rai launin uwar zai dawo daidai, musamman mai ninki.

Launin da ka gani kake so sak, aure ne hanyarsa, kamar na mangwaro amma ya fi sauƙi. Samu ta iri mai ƙarfi, yanke reshenta a kwance sumul. Yanko guntun reshen mai launin, santimita biyu ko uku, mai ido ɗaya ko biyu, kaurinsa kada ya fi na ƙasan. Goge ruwan da ya fito, ɗora shi a kai ba tare da ka juya shi ƙasa ta koma sama ba, lulluɓe da farar leda ka ɗaure yadda za ta danne shi. Inuwa, kwana goma zuwa mako biyu, sannan ka cire ledar. Duk tohon da ya fito ƙasa da haɗin ka cire shi, in ba haka ba zai rinjayi amaryar.

9. Aski, ɗaga gindi da ƙwari

In rassa sun yi tsawo sun yi tsirara, rage su a farkon bazara, yanka a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai. Kowane yanka yakan fito da toho biyu ko uku, fure kuma a kan toho yake. Duk shekara biyu in za ka sauya tukunya, ɗaga gindin sama da yatsa biyu, saiwoyin da suka yi kauri su fito fili, haka ake samun siffar nan da ake sayarwa da tsada. Fatar da ta fito sabuwa fara ce, rana na ƙona ta, sai ka rufa mata tsumma ko ka bar ta a inuwa mako biyu.

Ƙwari uku na fi gani: farare masu kama da auduga a hammatar ganye, ƙanana rawaya masu taruwa a kan toho, da wata ƙatuwar koriyar tsutsa da ke iya cinye ganyen reshe a dare ɗaya. Tsutsar da hannu ake cirewa, duba ƙarƙashin ganye in ka ga baƙin kashinta a ƙasa. Sauran biyun, daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, jiƙa a lita biyu na ruwa ya kwana, tace, narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, ka fesa bayan la'asar, har bayan ganye. Maimaita bayan mako guda, sau uku. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikinta, bi sawunsu, wurin ƙwarin za su kai ka.